Jinkirin da Ke Kashe Mata Wajen Haihuwa

Maganarmu ta yau a kan iyayenmu mata take, da matanmu na aure, da ƙannenmu da 'ya'yanmu da ke rasa rayukansu a dalilin ciki da haihuwa. Maigida, idan kana kusa da rediyo, kada ka ce zancen mata ne ka miƙe. Dawo ka zauna, domin rabin maganar nan da kai nake.

Da wuya a samu wani a cikinmu da bai taɓa zuwa gaisuwar matar da ta rasu wajen haihuwa ba. A kan tabarmar makoki mukan ji an ce jini ne ya ɓalle mata, ko jijjiga ce ta kama ta, ko kuwa haihuwar ce ta zo da gardama. Sai mu yi addu'a, mu ce kwana ne ya ƙare, mu watse. Jaririn, in ya rayu, a miƙa wa kaka ko goggo. Abin ya yawaita har ya zame mana jiki, har mukan ce kabarin mai jego a buɗe yake sai ta yi arba'in. To, abin da nake so mu duba yau shi ne, cututtukan nan da ke kashe su duk an san su, an san maganinsu, kuma yawancin maganin ba mai tsada ba ne. Abin da ke cin rai shi ne awannin da ke wucewa tsakanin lokacin da matsala ta fara da lokacin da aka kai ga taimako.

Bari mu fara da girman abin. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a shekarar 2020 mata kimanin 287,000 ne suka rasu a faɗin duniya sakamakon ciki da haihuwa, wato kusan mace ɗaya duk minti biyu. A cikinsu, kimanin 82,000 'yan Najeriya ne. Ƙasa ɗaya tak, amma ta ɗauki fiye da kashi ɗaya cikin huɗu na wannan rashi. Idan ka raba adadin a kan kwanakin shekara, za ka ga sama da mata 200 ke nan kowace rana. A wannan ƙiyasi, cikin kowace haihuwa 100,000 mata 1,047 ne ke rasuwa a Najeriya, kuma Sudan ta Kudu da Chadi ne kawai suka fi mu. Binciken lafiyar al'umma da gwamnati ta gudanar a 2018 ya kawo adadin da bai kai wannan ba, wato 512, amma ko shi ɗin ya ninka sau bakwai burin da ƙasashen duniya suka sa wa gaba, na a sauko ƙasa da 70 kafin shekarar 2030. Wannan bincike na 2018 ya kuma nuna cewa cikin haihuwa 100 a ƙasar nan, 39 ne kawai ake yi a asibiti. A Arewa maso Yamma kuwa ba su ma kai 20 ba.

To me ke kashe su?

Na farko, kuma mafi sauri, shi ne zubar jini bayan haihuwa. A duniya, fiye da kashi ɗaya cikin huɗu na wannan mace-mace daga zubar jini suke. Idan jariri ya faɗo, mahaifa takan tsuke ta toshe hanyoyin jini. In ta kasa tsukewa saboda gajiyar doguwar naƙuda ko yawan haihuwa, ko mabiyiya ta maƙale, ko mace ta ƙaru, sai jini ya yi ta zuba. Likitoci na cewa da zarar jinin ya kai rabin lita, kwatankwacin ledar fiya wata guda, to an shiga hatsari. Mace lafiyayya tana iya rasuwa cikin awa biyu. A gidajenmu kuwa sau da yawa cewa ake yi a bar shi ya fita, ai ƙazanta ce. Ana canja zane bayan zane, ana jira ya tsaya da kansa, har sai ta fara ganin jiri, jikinta ya yi sanyi, muryarta ta yi ƙasa. Abin da ke ƙara muni shi ne yawancin matanmu da ƙarancin jini suke shiga naƙuda. Binciken 2018 ya samu kimanin 6 cikin kowane mata 10 masu ciki da wannan matsala, saboda rashin abinci mai gina jiki, da zazzaɓin cizon sauro, da haihuwa a kai a kai. Wadda jininta dama bai cika ba, kaɗan za ta zubar ta galabaita.

Na biyu shi ne hawan jini na masu ciki, wanda ke kai wa ga jijjiga. Wannan ciwo yana aiko da saƙo kafin ya iso: ciwon kai mai tsanani da ba ya jin magani, ganin dishi-dishi, kumburin fuska da hannuwa, da ciwo a ƙasan ƙirji. Amma sai a ce laulayi ne, wasu ma su ce kumburin alamar tagwaye ce. Ranar da ta faɗi tana taune harshe, sai a ce iska ce, a kawo turare da hayaƙi, a rufe ta a ɗaki. Jama'a, awon jini na minti biyu ya isa ya tona wannan ciwo tun da wuri. Idan awon ya kai 140 bisa 90, ma'aikaciyar lafiya ta san akwai magana. Akwai kuma allura mai araha, magniziyam salfet, da ke hana jijjigar ko ta tsayar da ita. Yarinya mai cikin fari ita ta fi shiga wannan hatsari, ita ce kuma ta fi kowa jin nauyin buɗe baki ta ce ga abin da ke damunta.

Na uku ita ce doguwar naƙuda. Idan rana ta fito ta faɗi mace tana kan gwiwa ba ta sauka ba, to lokacin jira ya wuce. Wataƙila kan ɗan ya fi ƙarfin ƙugunta, musamman yarinyar da ƙashinta bai gama girma ba, ko kuma ɗan ya zo a gicciye. Babu yawan yunƙuri da zai fitar da shi, sai dai aiki. A irin wannan hali ne ake tafka kurakurai biyu masu muni. Ɗaya shi ne yankan gishiri, inda ake sa reza ko aska da sunan buɗe hanya, a yanki mafitsara ko a jawo zubar jini. Ɗayan kuma shi ne a kira mai kemis ya yi mata allurar naƙuda a gida, mahaifa ta yi ta matsa abin da ba shi da hanyar fita har ta fashe. Wadda ta tsira da ranta bayan kwana biyu ko uku a wannan azaba, sau da yawa ɗan ba ya zuwa da rai, ita kuma a bar ta da yoyon fitsari. Duk mai shakka ya je asibitin Babbar Ruga a Katsina, ko cibiyar Laure da ke asibitin Murtala a Kano, ya ga matan da ke jiran gyara, da yawansu mazajensu sun guje su.

Sai kuma ƙwayoyin cuta da ke shiga jiki ta hannun da ba a wanke ba, ko rezar da aka yi amfani da ita, ko faya da ta fashe aka daɗe ba a haihu ba. Mai jegon da ke zazzaɓi mai zafi, mararta na ciwo, abin da ke fita yana wari, asibiti take buƙata a ranar. Akwai kuma wanda ba mu son faɗa a fili, wato ɓari da ba a kula da shi ba, da zubar da ciki a ɓoye a hannun waɗanda ba su san aikin ba. Kunya kan sa a ɓoye yarinya a ɗaki har ciki ya ruɓe. Ko mene ne ya faru, rai ya fi ƙarfin abin da mutane za su ce.

Dole kuma mu taɓo al'adar jego, amma da adalci. Iyayenmu sun yi hikima da suka ware wa mai jego kwana 40 na hutu, da abinci mai kyau, da kulawar dangi. Wannan abin riƙewa ne. Sai dai tun a shekarun 1970 likitocin asibitin koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Zariya suka lura da yawan masu jego da ake kawowa da kumburi da haki, zuciyarsu ta gaza. Da suka bi diddigi, sai suka alaƙanta abin da yawan kunun kanwa, da wanka da tafasasshen ruwa safe da yamma, da kwanciya a kan gadon ƙasa da aka hura wa wuta. Kanwa gishiri ce, tana tara ruwa a jiki, zafi kuma yana ƙara wa zuciya aiki. Iya, a yi wankan da ruwa mai ɗumi, a rage kanwa, hutun da naman kuwa a ƙara.

A Zariyar dai, Farfesa Kelsey Harrison ya bi bayanan haihuwa 22,774 da aka yi tsakanin 1976 da 1979, ya wallafa sakamakon a 1985. Abin da ya gano har yau bai tsufa ba. Mafi yawan waɗanda suka rasu matan da ba su taɓa zuwa awo ba ne, aka kawo su a kurarren lokaci. Hatsarin ya fi yawa ga ƙananan 'yan mata da kuma matan da suka yi haihuwa da yawa. Ya kuma nuna cewa macen da ta yi karatu ta fi zuwa awo, ta fi tsira. Yau shekaru masu yawa ke nan da wannan aiki, amma labarin da ake bayarwa a gidajen makokinmu bai canja ba.

Wannan ya kawo mu ga gundarin maganar. A 1994 wasu masu bincike biyu, Sereen Thaddeus da Deborah Maine, suka bayyana cewa jinkiri iri uku ne ke tsakanin mai naƙuda da ceto.

Jinkirin farko a cikin gida yake. Mun tarbiyyantar da 'ya'yanmu mata cewa jarumar mace ita ce wadda ta haihu ita kaɗai a ɗaki, ba wanda ya ji motsinta sai kukan jariri. Mai cikin fari takan ɓoye naƙuda don kunyar surukai. Idan abin ya yi tsanani, sai a fara da jiƙo da rubutu, a ce a ƙara haƙuri. In an yanke shawarar tafiya asibiti kuma, sai a ce maigida ba ya nan, ya tafi kasuwar ƙauye ko ci-rani, ba mai ikon fitar da ita. Mace tana zubar da jini, ana neman layin waya. Wani kuma yana nan, amma tsoron kuɗi ko tsoron a ce za a yi mata aiki ya sa ya ce a bari zuwa safe.

Jinkiri na biyu a kan hanya yake. Ƙauyuka da yawa ba su da mota ko ɗaya da dare. A ɗora mai naƙuda a bayan babur ko a amalanke, da damina rafi ya cika ya raba gari da titi. Yanzu ga rashin tsaro ya ƙaru a kai. A sassan Zamfara da Katsina da Sakkwato da Borno akwai hanyoyin da ba mai bin su bayan magariba, akwai kuma ƙananan asibitocin da ma'aikata suka bari saboda tsoro.

Jinkiri na uku shi ne mafi ciwo, domin an yi ƙoƙari an iso, amma taimakon bai samu ba. A tarar da ƙofa a kulle, ko ma'aikaciya ɗaya tana fama da mata biyar da hasken tocilan waya. A ce babu jini sai an nemo mai bayarwa, a rubuta wa miji takarda ya fita neman safar hannu da ruwan ƙari da tsakar dare. Allurar oksitosin da ke tsuke mahaifa tana buƙatar sanyi, ga shi babu wuta, sai ƙarfinta ya ragu. Daga nan a ce a wuce babban asibiti, a sake hawa hanya. Wani lokaci kuma baƙar magana da tsawa da mace ta sha a ɗakin haihuwa su ne ke sa ta rantse ba za ta sake komawa ba, ta kuma hana maƙwabtanta.

Na san wani zai ce, Malam, ai duk wannan ajali ne. Gaskiya ne, babu rai da zai wuce lokacinsa, kuma mun yi imani da haka. Amma addinin da ya koya mana yarda da ƙaddara shi ne ya umurce mu da neman magani, ya kuma ɗora wa miji nauyin kula da lafiyar iyalinsa. Tawakkali yana zuwa ne bayan an yi abin da ya kamata. Wanda ya hana a kai matarsa asibiti tana zubar da jini, ya san akwai tambaya a kansa gobe kiyama.

Hujjar cewa ana iya rage wannan rashi kuwa a gabanmu take. A 2008 aka fara amfani da magniziyam salfet a manyan asibitoci 10 na jihar Kano. Kafin nan, cikin mata 100 da aka kawo da jijjiga kimanin 20 ne ke rasuwa. Bayan an horar da ma'aikata an wadata su da allurar, adadin ya sauko zuwa kusan 2. A 2023 kuma aka fitar da sakamakon wani babban bincike da aka yi a asibitoci 80 na Najeriya da Kenya da Tanzaniya da Afirka ta Kudu, wanda Farfesa Hadiza Galadanci ta Jami'ar Bayero ta jagoranci ɓangarensa na Najeriya. Dabarar mai sauƙi ce: a shimfiɗa wa mai haihuwa wata leda mai ma'auni da ke tara jinin, a daina kintace da ido, kuma da zarar ya kai iyaka a haɗa mata dukkan matakan magani a lokaci guda. Wannan kaɗai ya rage mummunar zubar jini da kashi 60 cikin 100. Maƙwabciyarmu Nijar, duk da ƙarancin abin hannunta, ta wadata asibitocinta da ƙwayar misofrostol da wasu kayan tsayar da jini masu araha, ta rage mutuwar zubar jini da fiye da rabi. A wasu jihohinmu na Arewa an horar da direbobin ƙungiyar NURTW su riƙa ɗaukar mai naƙuda a kowane lokaci, jihar Jigawa kuma ta yi shirin Haihuwa Lafiya don kai matan karkara asibiti. Duk waɗannan, lokaci suka rage wa jinkiri, sai rayuka suka tsira.

Saboda haka, ga masu mulki: a Abuja aka taru a 2001 shugabannin Afirka suka yi alkawarin ware wa lafiya kashi 15 cikin 100 na kasafin kuɗi, amma kasafin tarayya galibi tsakanin kashi 4 ne zuwa 6. Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 ta tanadi asusun kula da lafiya a matakin farko, ta kuma haramta a ƙi karɓar mara lafiya a halin gaggawa. A watan Nuwamba na 2024 Ministan Lafiya, Farfesa Muhammad Ali Pate, ya sanar da tiyatar haihuwa kyauta ga mata marasa ƙarfi. Mun yaba, amma ma'aunin da za mu auna ku da shi ɗaya ne: idan aka kawo mace ƙaramin asibitin mazaɓa da ƙarfe biyun dare, akwai ƙwararriyar ungozoma a farke? Akwai wuta, akwai magani, akwai motar da za ta wuce da ita gaba? Ku ɗauki 'yan matan yankin ku horar da su, ku biya su a kan lokaci, domin 'yar gari ita ce za ta zauna.

Ma'aikatan lafiya, mun san kuna aiki cikin ƙunci da ƙarancin hannu, Allah ya saka muku. Amma ku tausasa harshe, domin kalma ɗaya mai daɗi tana iya kawo muku matan unguwa guda. Ungozomomin gargajiya, iyayenmu, mata sun yarda da ku, don haka ku zama masu rakiya zuwa asibiti, kuma ku ajiye reza. Malamanmu da limamai, mumbari a hannunku yake, ku gaya wa maza cewa kai mace awo da ba da jini don ceton rai aikin lada ne. Masu unguwanni da dagatai, ku kafa asusun gaggawa, ku san motar wa za a buga wa da dare. Iyaye kuma, ku bar yarinya ta yi karatu, jikinta ya yi ƙwari kafin ta ɗauki ciki, ku kuma ba mai shayarwa tazara ta huta, domin kwanika tana cin jikin uwa.

Yanzu na dawo gare ka, maigida, domin jinkirin farko a hannunka yake, kuma ba ya jiran kasafin kowa. Da zarar ciki ya bayyana, ka tura ta awo, ka tabbatar tana komawa, domin Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar ganin ma'aikacin lafiya sau 8 kafin haihuwa. Ka tabbatar tana shan maganin ƙarin jini da na rigakafin zazzaɓi, tana kwana cikin gidan sauro. Kamar yadda kake tanadin ragon suna, ka ware kuɗin mota da na magani tun ciki yana wata biyar. Ka samu 'yan'uwa biyu da suka amince za su ba da jini in an buƙata. Ka haddace alamun nan: zubar jini, ciwon kai mai tsanani, kumburin fuska, jijjiga, zazzaɓi mai zafi, ɗa ya daina motsi, da naƙudar da ta wuce yini guda. Sannan ka tara mahaifiyarka da matarka da maƙwabcinka, ka faɗa da bakinka a gabansu cewa duk ranar da aka ga ɗaya daga cikin waɗannan, ko kana nan ko ba ka nan, ko dare ko rana, ka ba da izini a tafi da ita asibiti. Wannan magana ba ta cin ko kwabo, kuma a daren yau za ka iya yin ta.

Allah ya sauki masu ciki lafiya, ya raya abin da aka haifa a hannun iyayensu mata, ya jiƙan waɗanda suka riga mu gidan gaskiya.